Neman shawara: wace riga ce za ta kare mai walda daga wuta?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sana'ata walda ce. Makon jiya tartsatsi ya faɗa a hannun rigata, kafin in ankara yadin ya narke kamar leda ya manne a fatata, har yanzu wurin bai gama warkewa ba. Rigar ta foliyesta ce. Ina son sayen rigar aiki mai jure wuta, amma ban san abin da zan duba ba, kuma an ce mini wanki yana rage mata ƙarfi. Don Allah masu ilimin abin su taimaka.

Wani memba ya amsa:
Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi. Foliyesta yana narkewa idan zafi ya kai wajen digiri 250, shi ya sa ƙunarsa ke shiga jiki, alhali auduga tana cin wuta amma ba ta narkewa. Sai dai ka sani, riga mai jure wuta ita ma tana babbakewa. Amfaninta shi ne da zarar an raba ta da harshen wuta, sai wutar ta mutu da kanta. Akwai wadda kariyar a cikin zarenta take, irin yadin Nomex da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro, akwai kuma audugar da aka sarrafa da sinadari. Tunda walda kake yi, ka nemi wadda aka rubuta ISO 11611 a takardar wuyanta, wato lambar ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta kayan kariya na masu walda.

Wani tsohon mai walda ya ƙara:
Ɗan'uwa, wanki da omo ba ya ɓata ta idan ka bi umarnin da ke jikinta. Abin da ke lalata ta sinadarin kulorin ne na farar da kaya, sai kuma maiƙo, domin rigar da ta sha giris wuta za ta ci ko da wane irin yadi ne. Kada ka sa singiletin nailan a ciki, ka sa ta auduga. Kuma kada ka naɗe ƙafar wandonka, domin a cikin wannan naɗin tartsatsi ke zama yana ci a hankali ba ka sani ba.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ce:
Malam, idan hakan ya sake faruwa, ka sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, ban da ƙanƙara, kuma kada ka ɓare yadin da ya manne. Ciwon yanzu kuwa, idan ya fara ruwa ko kumburi, ka je asibiti a duba.