An ce an rage kuɗin makarantu: ina kuɗin yake maƙalewa, kuma mu biya na ƙungiyar iyaye da malamai (PTA) ko mu ƙi?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne, 'ya'yana uku suna firamaren gwamnati ta unguwarmu. A taron iyaye da malamai na wannan zangon hedimasta ya tashi ya ce kuɗin gudanarwa da ake ɗan turo masa ya daina zuwa tun bara, kuma daga ofishin ilimi an shaida masa an rage shi a kasafin bana. Saboda haka kowane yaro zai kawo naira 1,500 a zango: na alli, da rajista, da takardar jarrabawa, da ɗan abin da za a ba maigadi da malaman sa-kai biyu. Ajin babbar 'yata yara sun fi ɗari, rabinsu a ƙasa suke zama, ga ajujuwa biyu da iska ta yaye rufinsu tun damina, an haɗe yaran da na wasu ajujuwa.

Ban zargi hedimasta ba, mutumin kirki ne, na san shi. Amma raina ya ɓaci. Kullum a rediyo ana cewa ilimi kyauta ne, ana kiran biliyoyi. To ina suke tsayawa? Wa ke da alhakin alli da benci, ƙaramar hukuma ko jiha ko Abuja? Sannan mu biya, ko biyan namu ne yake sa a ƙara sakin jiki da mu? Don Allah wanda ya sani ya warware mini.

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya raya maka su. Na fara koyarwa da shaidar malanta mai daraja ta biyu lokacin da aka soma UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976, na yi ritaya ina hedimasta, don haka abin da mutumin nan ya faɗa muku na san ɗacinsa.

Kuɗin firamare ba ta hanya ɗaya yake zuwa ba. Albashin malamai daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, ta biya. Gini da benci da gyaran rufi yawanci aikin jiha ne, da gudummawar UBEC, hukumar ilimin matakin farko ta tarayya. Saura abin da makaranta ke ci kullum: alli, rajista, tsintsiya, ruwan sha, buga jarrabawa. Wannan shi ne maraya. Idan aka taɓa albashi, ƙungiyar malamai ta NUT za ta tashi. Gini kuma akwai ɗan kwangila da ke bin takardarsa ofis ofis. Kuɗin alli ba wanda yake binsa sai hedimasta, shi kuma ma'aikaci ne, ba zai iya ɗaga murya a gaban sakataren ilimi ba. Shi ya sa duk lokacin da aljihun gwamnati ya matse, nan ake fara yanka, kuma ba sanarwa ake yi ba, sai dai a ga wata ya wuce, zango ya wuce, shiru.

A doka kana da gaskiya. Dokar ilimin matakin farko (UBE) ta 2004 ta ce shekara tara na farko, wato shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas, har ta tanadi hukunci ga wanda ya karɓi kuɗi. Amma ni shawarata ku biya, bisa sharaɗi. Kuɗin ya zauna a hannun ma'ajin da iyaye suka zaɓa, a karanta lissafi a gaban kowa ƙarshen zango, kuma a rubuta a littafin taro cewa ba za a kori yaro ko ɗaya ba don ubansa bai kawo ba. Yaron da ke aji uku bana ba zai jira sai an gyara kasafi ba.

Ma'aikacin Kasafi:

Baba ya yi bayani, Allah ya ƙara lafiya. Ni a ɓangaren tsara kasafi na yi aiki, bari in ƙara abin da rediyo ba ya faɗa.

Malam Baban Ummi, biliyoyin da kake ji, izinin kashewa ne majalisar jiha ta bayar, ba kuɗi ne a hannu ba. Bayan gwamna ya sa hannu, kowace ma'aikata sai ta rubuta takarda, a amince, sannan ofishin akanta janar ya saki kuɗin. Ana iya rubuta wa ilimi kaso mai tsoka a Disamba, shekara ta ƙare ba a saki rabin na ayyuka ba. To wannan ragin ya fi na fili yawa, kuma ba ya fitowa a jawabin kasafi. Ragi na fili mun gan shi a 2020, da korona ta zo farashin ɗanyen mai ya faɗi, jihohi suka koma majalisa suka zaftare kasafinsu a tsakiyar shekara.

Akwai kuma ragin da tsada ke yi. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai a lissafin naira. Amma naira ta faɗi, siminti da kwanon rufi da katako suka tashi, sannan mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Idan adadin da aka rubuta wa gyaran ajujuwa bai motsa ba, ajujuwan da zai gyara sun ragu matuƙa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne na UBEC. Doka ta ware mata kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma wani babban ɓangare tallafi ne ga jihohi don gini da kayan aji. Sharaɗin shi ne jiha ta ajiye daidai abin da za a ba ta, ta kawo tsarin ayyukan da za ta yi. Jihar da ba ta ajiye nata ba, ba ta samun na tarayya. Shekara da shekaru hukumar tana kukan cewa biliyoyin naira na zaune jihohi ba su zo sun ɗauka ba. Ka ga duk naira ɗaya da jiha ta ƙi sakawa a nan, biyu yaranku suka rasa. Rufin nan naku irin aikin da wannan kuɗin yake yi ne.

Sannan mu daina jingina da maganar kashi 26 cikin 100 na kasafi da ake cewa UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta gindaya a ware wa ilimi. Abin da ƙasashe suka amince da shi a taron ilimi na Incheon, a Koriya ta Kudu, a 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 na abin da gwamnati ke kashewa. Kuma kashewa aka ce, ba rubutawa ba.

Malama Mai Lissafi:

Baba, da girmamawa, a nan ban bi ka ba. Ina koyarwa a ƙaramar sakandare ta 'yan mata, kuma na ga inda "ɗan abin da ba shi da yawa" yake kaiwa. Sharaɗin ba za a kori yaro ba yana nan a littafin taro, amma malami ya tsaya yana kiran sunayen waɗanda ba su biya ba, yarinya ta ji kunya, gobe ba ta zo ba. Uba mai 'ya'ya shida idan kuɗi bai isa ba ya zaɓa, kuma mun san wadda ake cewa ta zauna ta ɗauki talla. A firamaren da ke kusa da mu, tun da ciyar da ɗalibai ta tsaya, ajujuwan farko suka ragu, iyaye da bakinsu suke faɗa.

Kuma kalmar malaman sa-kai ita ce ta fi tsaya mini a rai. Malamai suna ritaya, suna rasuwa, ba a ɗaukar madadinsu, sai iyaye su ɗauki nauyin masu shaidar malanta ta NCE a kan abin da bai kai kuɗin mota ba. Wannan ma ragi ne. A Abuja kanta malaman firamare sun yi fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 saboda ƙananan hukumomi ba su biya su sabon albashi ba. A Kano gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024, da bakinsa ya ce miliyoyin yara a ƙasa suke zama. Matsala mai girman haka ba karo-karon tela da mai kayan miya ne zai rufe ta ba.

Ban ce a bar aji ba alli ba, ni ma daga albashina nake saya. Amma ya zama wanda ya iya ya bayar, ba a yanka wa kowane yaro ba. Kuma duk taron da aka tara kuɗi, a wannan zaman a rubuta takardar koke zuwa ga hukuma.

Baban Ummi:

Na gode Baba, na gode Malam, Malama Allah ya saka. Maganar kunya gaskiya ce, akwai maƙwabcina da tuni ya ce ƙaramar tasa ta dakata. Takardar nan wa za mu kai wa, kuma me za mu rubuta don kada a ajiye ta a durowa?

Ma'aikacin Kasafi:

Ta fito daga SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar, da sa hannun mai unguwa da liman da wakiliyar mata, kada hedimasta ya zama shi ne a gaba. Ku kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, kwafi ga shugaban SUBEB da ɗan majalisar jiha na mazaɓarku, kowanne a buga muku hatimin karɓa. Ku sa hotunan rufin da yawan yaran kowane aji da yawan malaman da gwamnati ke biya. Ku nemi abu biyu a sarari: a saka ajujuwan a tsarin ayyukan da jiha za ta kai UBEC, kuma a faɗa muku nawa aka ware wa gudanar da firamare bana, nawa aka saki. Jihohi da yawa suna wallafa rahoton aiwatar da kasafi duk wata uku a intanet, ku sa wani matashi ya sauko da shi ya duba layin SUBEB. Ku kai kafin Oktoba, domin daga nan ma'aikatu sun riga sun miƙa buƙatunsu na baɗi.