Taswirata ta koma toka bayan an buga ta, wace kala zan ɗauka a QGIS?

Ummi_Geo:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah ina neman shawara, ina ajin ƙarshe ne ina rubuta furojet a kan cunkoson jama'a a ƙananan hukumomi 44 na jihar Kano, da alƙaluman ƙidayar 2006 nake aiki. Na haɗa taswirar a QGIS, manhajar zana taswira, na ɗauki kalar nan da ta zo da manhajar mai suna RdYlGn, wadda take tashi daga ja ta bi ta rawaya ta ƙare a kore, a kan laftof wallahi ta yi kyau sosai har ƙawayena suna cewa in koya musu. To jiya na kai shagon da ake buga takardu aka fitar min da baƙi da fari saboda kuɗin mai kala ya yi min yawa, da na kai wa malamin da yake duba aikina sai ya ɗora yatsa a kan Dala ya ɗora wani a kan Doguwa ya ce wanne ya fi cunkoso a nan? Duk biyun toka ce iri ɗaya mai duhu, ni kaina da ban san amsar ba da ba zan iya faɗa ba. Raina ya ɓaci sosai don kwana uku na yi a kanta. Shin in daina amfani da kalolin da suka zo da manhajar ne in haɗa nawa da hannu, ko kuwa akwai wadda ta dace a ciki?

Abu Hanifa GIS:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki haɗa da hannu, wahala ce kawai za ki sha, kuma na cikin sun fi abin da ni da ke za mu haɗa domin masana ne suka zauna suka gwada su. Wannan RdYlGn ɗin ma daga tarin kalolin taswira na ColorBrewer take, aikin Cynthia Brewer ta jami'ar Penn State a Amurka, kuma kala ce mai kyau, wurin da kika sa ta ne ba nata ba. Kalolin nan kashi uku ne. Akwai masu tafiya daga haske zuwa duhu a hanya ɗaya irin su Blues da YlOrRd, na abin da yake tashi daga kaɗan zuwa da yawa kenan, irin naki. Akwai masu baki biyu da haske a tsakiya, su ne irin wadda kika ɗauka, an yi su ne don bayanan da suke da tsakiya mai ma'ana, misali ruwan saman bana a wace ƙaramar hukuma ya haura yadda aka saba a wacce kuma ya gaza, to nan dole gefe biyun su yi duhu tsakiya ta yi fari-fari. Shi ya sa da furinta ta cire kala ta bar duhun kawai, Dala da take bakin yawan cunkoso da Doguwa da take bakin ƙarancinsa suka zama abu ɗaya. Na ukun su ne irin Set2 da Paired, na rarrabe abubuwan da ba wanda ya fi wani, kamar gero da dawa da shinkafa.

Ki koma Symbology ki bar shi a Graduated ki canza zuwa YlOrRd ko Blues, aji biyar ya isa, in kika kai tara ido baya iya bambance su a takarda.

Injiniya_Sk:
Ni viridis zan ce ki gwada, tana cikin QGIS ɗin ki duba jerin za ki ganta. Tana tashi daga shunayya mai duhu ta bi ta kore ta ƙare a rawaya mai haske, kuma an ƙera ta ne yadda haskenta zai riƙa ƙaruwa daidai wa daida daga farko har ƙarshe, ko fotokwafi aka yi jerin baya rikicewa. Mu masu Python mun daɗe da kalar bakan gizo da ake kira jet a matplotlib, manhajar da muke zana jadawali da ita, sai a 2017 da sigar 2.0 ta fito aka mayar da viridis ta zama ita ce ta asali, Stéfan van der Walt da Nathaniel Smith ne suka gabatar da ita a taron SciPy na 2015. Masu manhajar lissafi ta MATLAB ma tun 2014 suka bar jet suka koma parula. Matsalar jet ita ce rawayar tsakiyarta tana da haske ƙwarai sai ka ga kamar akwai wata iyaka a wurin alhali a alƙaluman babu komai.

Abu ɗaya dai, a viridis babban adadi shi ne rawaya, mutanenmu kuma sun saba duhu shi ne yawa, to ki danna Invert Color Ramp ki juya ta.

Malam Tsoho:
Ƴata, bari in ƙara miki wani abu da ya shafe ni ni da kaina. Ina cikin mutanen da idonsu baya raba ja da kore sosai, haka aka haife ni, kuma abin ya fi yawa a maza nesa ba kusa ba, a ƙasashen Turai ana cewa kusan namiji ɗaya cikin 12. Na sha zama a taro a haska jadawalin Excel mai ja da kore a bango kowa yana gyaɗa kai ni kuwa sai na matsa kusa na karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya kafin in gane inda aka dosa, kuma ba kowa ne zai ɗaga hannu ya faɗa ba. Saboda haka ko da kina da kuɗin bugawa da kala, ki guji haɗa ja da kore, kila cikin malaman da za ki tsaya gabansu akwai irina. In baki biyu kike buƙata wata rana ki ɗauki RdBu ko PuOr. Sannan a QGIS ki shiga View ki nemi Preview Mode, zai nuna miki taswirar a toka-toka da kuma yadda masu ido irin nawa suke ganinta, tun kafin ki kashe ko sisi a shago.

Ummi_Geo:
Na gode ƙwarai Baba, Allah ya ƙara lafiya, ban taɓa tunanin wannan ba wallahi. Na sa YlOrRd na duba a Preview Mode jerin ya fito tsaf. Amma yanzu wata sabuwa, kusan duk jihar ta zama rawaya fayau, ƴan ƙananan hukumomin cikin birni irin su Dala da Fagge da Gwale da Tarauni ne kawai suka yi duhu, su kuma ƙanana ne a taswira da kyar ake ganinsu.

Abu Hanifa GIS:
Wannan ba daga kalar ba ne, ki duba Mode a ƙasan akwatin nasan a Equal Interval yake. Cunkoson cikin birni ya yi wa na karkara nisa sosai, in aka raba tazarar gida biyar daidai sai kusan kowa ya faɗa gidan farko. Ki mayar da shi Natural Breaks (mai rabawa inda alƙaluman suka yi giɓi) ko Quantile (mai zuba kusan adadi ɗaya a kowane gida) ki sake danna Classify, sai ki rubuta a ƙasan taswirar wanda kika yi amfani da shi don malaminki zai tambaya. Na cikin birnin kuma ki yi musu ƙaramar taswira ta biyu a gefe a Print Layout ki zuƙo su kusa, in kin gama ki ɗora hoton a nan mu gani kafin ki kai bugawa.