Sikon a wajen Turawan Ingila: yadda ake gasa shi, a tsaga, a ci

Maman Hibba:
Salamu alaikum jama'a. Ina roƙon waɗanda suka san sikon (scone), ɗan ƙaramin burodin fulawa da bota na Turawan Ingila, ciki da bai su taimaka mana. Me ake shafa masa, ta yaya ake ajiye shi gaban baƙo, kuma me ke sa wani ya tashi ya yi laushi, wani kuwa ya fito kamar dutse? Iyakar sanina dai da shayi ake cin sa.

Anti Rabi:
Wa alaikumus salam Maman Hibba. Fara da cire kek daga ranki. Sikon sukarinsa kaɗan ne, botarsa ma kaɗan, in kika ci shi gaya kamar tuwo ne babu miya. Miyarsa abu biyu ce: jam, galibi na sitiroberi, da wani kirim mai kauri da suke kira kulotid kirim, wanda sai an ɗebo shi da cokali domin ba ya zuba.

A ɗakunan shan shayi na kudu maso yammacin Ingila, in kika nemi shayin kirim, za a kawo miki sikon ɗaya ko biyu a faranti, ɗan kwanon jam, ɗan kwanon kirim, butar shayi da madara a gefe. Ba a shafa miki komai, ke za ki yi da kanki. Sikon mai kyau yana da tsagi a ƙugunsa, nan za ki sa manyan yatsu ki raba shi biyu. Wasu na sa wuƙa, ba laifi ba ne, amma wuƙa tana danne tsokar ciki, musamman in da ɗumi. Kowane ɓari ki shafa shi daban ki ci shi daban. Kada ki mayar da su ki haɗe kamar sanwici: yana yi wa baki girma, kuma da kin gatsa kirim zai tsarto ta gefe.

Da ɗumi ake so, ba da zafi ba. Minti 15 zuwa 20 bayan fitowa daga oben. In ya fi haka zafi kirim ɗin narkewa yake ya zama mai.

Malam Habu:
Anti ta tsallake inda rigimar take, wato wanne ake fara shafawa. Mutanen Devon, wani yanki a kudu maso yammacin Ingila, kirim suke fara sawa, sannan su ɗora jam. Maƙwabtansu na Cornwall jam ne a ƙasa, kirim a sama. Kogin Tamar ne kawai tsakaninsu, amma kowa na kallon na ɗan'uwansa a matsayin kuskure. Darren McGrady, wanda ya yi wa gidan sarauta girki, ya ce marigayiya Sarauniya Elizabeth ta Biyu da jam take farawa.

Ni a ganina kaurin kirim ne ke yanke hukunci. In kirim ɗin ya daskare sosai, yanzu aka fito da shi daga firiji, yana shafuwa kamar bota, jam ya zauna a kansa lafiya, nan tsarin Devon ya fi sauƙi. In kika ce za ki shafa irin wannan a kan jam, santsi zai yi ta yi yana ture jam ɗin gefe. Shi ya sa mutanen Cornwall ba sa shafa shi, cokali guda suke ɗebowa su ɗora. In kuwa kirim ɗin da kike da shi bugagge ne mai laushi, to babu zaɓi, jam ne a ƙasa, don nauyin jam zai kwantar da shi. Tsarin Cornwall yana ɗaukar kirim da yawa, ki yi lissafin wannan in baƙi za ki ciyar.

Hatta sunan ba su daidaita a kai ba: wasu su ce sikon a gajarce, wasu su ja shi su ce sikoun. Duk wanda kika faɗa za a gane.

Hajiya Kande mai gashi:
'Yata, ga awo na guda 10 zuwa 12 matsakaita. Fulawa giram 450, bekin hoda ƙaramin cokali 5 a shafe ba a tsiri ba, gishiri rabin ƙaramin cokali, bota mai sanyi giram 100, sukari giram 50, madara mililita 280 zuwa 300. Su can suna da fulawar da aka riga aka haɗa da hodar, in ita kika samu sai ki ƙara cokali ɗaya kacal.

Kunna oben tukuna, digiri 220 a ma'aunin Celsius, in mai fanka ne 200, in na gas ne mai lamba ki sa 7. Saka tiren a ciki ya yi zafi. Tankaɗe fulawa da hoda da gishiri, ki yanka botar ƙanana ki murtsuke da kan yatsu, ba da tafin hannu ba, har ta koma kamar tsakin dambu. Zuba sukari. Yi rami a tsakiya, ki zuba madarar ki rage kaɗan, ki juya da wuƙar tebur. Da zarar ya haɗu ki tsaya. Kwaɓin ya kamata ya ɗan riƙa manne wa yatsa, in ya bushe ƙara sauran madarar.

Juye a tebur da ɗan barbaɗen fulawa, ki ninka shi sau biyu ko uku kawai, ki daddanna da hannu. Kauri santimita 2 da rabi zuwa 3, wajen faɗin yatsu biyu. Nan mutane da yawa ke faɗuwa, sai su murza shi falalai kamar na cincin, sannan su ce bai tashi ba. Ki fitar da abin yanka mai faɗin santimita 5 ko 6, ki tsoma shi a fulawa kafin kowane yanka. Shafa ƙwai ko madara a saman, ki gasa minti 12 zuwa 15 a ɓangaren sama na oben. In kin ƙwanƙwasa ƙasansa kika ji amon fanko, ya yi.

Mai son na zabibi sai ya ƙara giram 75 zuwa 100 bayan sukari.

Baban Sadiq:
Awon Hajiya daidai ne. Bari in ɗora da abin da ke ɓacewa da dalilinsa, don sanin dalili shi ke hana maimaici.

Tauri daga yawan cuɗawa yake. Fulawa da ta sha ruwa, in ana matsa ta sai ta yi danƙo. Wannan danƙon shi ake nema a burodi, a sikon kuwa shi ne maƙiyi. Shi ya sa waɗanda aka fitar a yankan farko suka fi waɗanda aka tattara ragowa aka sake dannawa kyau, kullum haka ne. Ki jera yankan kusa da kusa don ragowar ta yi kaɗan.

In ya tashi a karkace, ɗayan biyu ne. Ko an murɗa abin yanka lokacin dannawa, wanda ke liƙe gefen kwaɓin, ko ƙwan da aka shafa ya gangaro gefe ya daskare a wuta ya riƙe wannan ɓangaren. Danna tsaye, ɗaga tsaye. Kofin gilashi ma matsala ne don bakinsa dakusasshe ne, matsewa yake ba yanka ba. In babu abin yanka, gara ki sa wuƙa mai kaifi ki yanka murabba'i.

In bai tashi ba sam, duba hodar. Zuba rabin cokali a ruwan zafi, in bai yi kumfa nan take ba ta mutu, kuma danshi ne ke kashe ta. Sai oben da bai kai zafi ba: botar za ta narke ta malale kafin kwaɓin ya kama, ya bazu maimakon ya hau. Ɗaci ko ɗanɗanon sabulu kuma daga yawan hoda ko soda ne.

Hodar nan ita ta mayar da sikon abin da yake yanzu. Alfred Bird, wani mai haɗa magani a Birmingham, ya fito da tasa a 1843. Asalin sikon daga Sikotland ne, a faifan ƙarfe ake gasa shi bisa wuta, babba a faɗaɗe, a yanka shi huɗu.

Ummin Kano:
Ga waɗanda za su yi a gida inda zafi yake, bota ita ce babbar fitina. Kafin ki gama murtsukewa ta narke, sikon ya fito da nauyi da maiƙo. Saka ta a firiza ta ƙanƙare, ki goga ta da magogi kai tsaye cikin fulawar, ki yi aikin da sassafe. Bayan yanka, mayar da su firiji minti 15 kafin oben.

Nono ko kindirmo marar sukari yana maye gurbin madara, har ma ya fi ba da laushi, daidai da yadda su ma suke amfani da madara mai tsami. Sai dai ki rage hoda zuwa cokali 3, ki ƙara bekin soda rabin cokali, tsamin nonon ne zai tayar da ita. In kindirmon ya yi kauri sassauta shi da ɗan ruwa.

Anti Rabi, tambayata kirim ɗin ne. Ana iya yin sa da hannu?

Anti Rabi:
Ana yi Ummi, amma sai da kirim na gaske. Na Cornwall tun 1998 sunansa ke da kariyar doka: dole da madarar Cornwall a yi shi, kuma mansa kada ya gaza kashi 55 cikin ɗari. Wanda aka fi gani a kantuna shi ne na kamfanin Rodda's. Alamar mai kyau ita ce ɓawon nan rawaya a sama, kada ki cire shi ko ki gauraya, shi ne daɗin.

A gida, ki samu kirim mai yawan mai, irin na kashi 48. Zuba a faffaɗan kwano, zurfin kada ya wuce santimita 4 ko 5, ba murfi. Oben digiri 80, awa 12. Fito da shi a hankali ba girgiza, ya huce, ya kwana a firiji. Da safe ki yaɗe mai kaurin da ke sama. Ruwan da ya rage a ƙasa kada ki zubar, da shi za ki kwaɓa sikon. In wuta ta wuce digiri 80 kirim ɗin zai tafasa ya yi ruwan ƙasa. Kirim na kwali mai daɗewa a kan kanta sau da yawa ba ya daskarewa yadda ake so, saboda tsananin zafin da aka riga aka ba shi. Wanda aka yi da man gyaɗa ko na kwakwa kuwa kada ma ki ɓata wutarki. In abin ya gagara, buga kirim ba sukari har ya tsaya, ko ki sa bota kawai. Turawan da yawa a gidajensu bota da jam suke ci, musamman na zabibi.

Malam Habu:
Kuma ba duka ne na zaƙi ba. Akwai na cuku: a cire sukari, a sa gogaggen cukun Cheddar mai ƙarfi kamar giram 150 a awon Hajiya, da ƙaramin cokali na garin mustad. Wannan bota kaɗai ake shafa masa, ana ci da miya mai ruwa da rana. A Sikotland kuma akwai na dankalin Turawa, siriri mai kusurwa uku, ana soya shi a kasko a ci a karin kumallo.

Yaya Zulai:
Maman Hibba, tunda kin tambayi yadda ake kai wa baƙo, ki bambanta shayin kirim da cikakken shayin la'asar, wanda ake danganta farkonsa da Anna, matar Duke na Bedford, wajen 1840. Shi ana yin sa tsakanin ƙarfe 3 da 5, a kan faranti mai hawa uku: ƙananan sanwici a ƙasa, sikon a tsakiya, kek a sama, kuma daga ƙasa ake fara ci a hau. Wuraren da suka san aiki ba sa kawo sikon tare da sauran, sai an gama sanwici su kawo shi a naɗe cikin kyalle da ɗuminsa. Ki yi haka.

Lissafi: mutum ɗaya sikon biyu ƙanana, ɗaya farare ɗaya na zabibi, jam babban cokali 2, kirim babban cokali 2 ko fiye. Kowane kwano da cokalinsa. Baƙo zai ɗiba ya sa a gefen farantinsa, sannan ya shafa da wuƙarsa, ba a mayar da wuƙar cikin kwanon kowa da kowa. Shayi baƙi mai ƙarfi, irin na yankin Assam na Indiya, ya jiƙa minti 3 zuwa 5, da madara mai sanyi kaɗan. Ki bar sukari a gefe, don jam ya riga ya kawo zaƙi, shayin aikinsa wanke maiƙon kirim daga baki.

Masu zuwa otal a can kuma su lura: cikin sanwici akan sa na naman alade, kek wani da jelatin (abin daskarar da kayan zaƙi da ake samu daga fata da ƙashin dabba) ko giya, kuma sukan tambaya ko za a haɗa da giyar shamfen. A faɗa musu tun wajen kama wuri, yawancinsu suna da tsarin marasa cin nama. Shi kansa sikon yawanci da bota ne, amma akwai tsofaffin haɗe-haɗe masu kitsen alade, don haka tambaya ba ta ɓaci.

Maman Hibba:
Allah Ya saka da alheri. Saura ɗaya Hajiya, zan iya gasawa tun daren jiya?

Hajiya Kande mai gashi:
A'a 'yata, sikon ba ya kwana, botarsa ba ta kai ta riƙe masa laushi ba. Abin da za ki yi da dare shi ne ki murtsuke fulawa da bota ki rufe a firiji, gobe ki zuba madara ki gasa, duka bai fi rabin awa ba. Ko ki yanka su ɗanye ki jera a firiza, ki gasa su a ƙanƙare ki ƙara minti 3 zuwa 5. Waɗanda suka rage bayan baƙi kuwa, da sun huce ki ɗaure a leda ki sa firiza, ba firiji ba, firiji busar da su yake. Ranar ci ki bari su saki, ki sa a oben digiri 160 minti 5 zuwa 8.