Daga wankin mota zuwa talmi'i a Jidda: shago zan kama ko motar zagaye?

Ɗan Hindawiyya ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena na wannan zaure, shawara nake nema. Ni haifaffen Jidda ne, ina da shaidar zama ɗan ƙasar Saudiyya, kuma ina riƙe da wata ƙaramar magsala, wato wurin wankin mota, a kudancin gari wadda mahaifinmu ya bari, inda muke wankin mota irin wanda aka saba: ruwa da kumfa a waje, injin zuƙe ƙura a ciki. Ciniki bai mutu ba, amma kuma ba ya gaba, domin maƙwabtanmu masu irin wannan sana'a sun yi yawa, kowa na karya farashi, har ta kai abin da ake samu a mota ɗaya da ƙyar yake ɗaukar kuɗin ruwa da wuta da albashin yara.

Niyyata ita ce in koma aikin talmi'i, wato goge fenti har ƙyallinsa ya dawo, da wanke kujeru da tururi, da shafa siramik, ruwan kariyar fentin nan da matasa ke nema. Na tara kimanin riyal 60,000. Ko dai in sayi motar kaya in ɗora mata tanki da janareta in riƙa bin mutane har ƙofar gida, ko kuma in kama shago a arewa, wajen Titin Amir Sultan ko Abhur, inda masu manyan motoci suke. Akwai kuma ɗan kawuna da ya zo daga Kano yana zaune da iƙama, wato takardar izinin zaman baƙo, wanda hannunsa ya faɗa sosai a gugar fenti. Ya ce in buɗe wurin da sunana, shi ya riƙe komai, ya riƙa ba ni wani abu duk wata. Wace hanya kuke ganin ta fi?

Alhaji Mai Warsha, Makka, ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka. Zan fara da maganar da ka ajiye a ƙarshe, domin ita ce mafi nauyi. Abin da ɗan kawunka ya kawo maka shi ne tasattur, ko da kuwa da zuciya ɗaya ya faɗa: sijil, wato rajistar kasuwanci, da sunan ɗan ƙasa, ciniki da riba a hannun baƙo. Dokar da aka sabunta a 2020, wadda ta fara aiki a 2021, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 5, kuma shi baƙon ana fitar da shi daga ƙasa bayan ya gama hukuncinsa. A da, lokacin da ciniki duka na tsabar kuɗi ne, mutane na fakewa. Yanzu kuwa kusan kowa da katin banki na Mada yake biya, kuma duk riyal ɗin da ya shiga ya fita yana barin sawu a banki. Idan kana son yaron nan da alheri, ka ɗauke shi aiki ta hanyar da ta dace: a mayar da izinin aikinsa ƙarƙashin mu'assasarka, wato kamfaninka, a rubuta kwantiraginsa a Qiwa, shafin gwamnati na harkokin ma'aikata, sana'ar da ke kan iƙamarsa ta dace da aikin da yake yi, albashinsa ya bi ta banki. Babu abin da ya hana ka rubuta masa lada a kan kowace motar da ya goge, a cikin kwantiragin, domin gwani ba ya zama a kan albashi tsura. Amma asusu da lissafi da mabuɗin shago su tsaya a hannunka.

Shagon arewa kuwa ban ba ka shawararsa ba a yanzu. Masu gine-gine a can suna karɓar haya ta shekara ko ta wata shida a gaba, kafin ka zo kan fitilu da kwandishan da gyaran daɓe da allon suna, sai ka tarar kuɗinka sun ƙare ba ka sayi injin guga ko ɗaya ba, kana kuma gasa da manyan cibiyoyi da suka riga ka suna. Kana da wuri a hannu. Ka ware rami ɗaya, wato wurin tsayawar mota ɗaya, daga magsalarka ka kewaye shi, ka duba sijil ɗinka da lasisin baladiyya, wato hukumar birni, a shafinta na Balady ko aikin talmi'i na cikin abin da aka yarje maka, in babu ka ƙara shi. Masu zuwa wanki duk mako su ne masu cinikinka na farko, kuma ba ka kashe ko halala ɗaya wajen nemo su ba.

Abu Bilal Mai Guga ya amsa:

Na goyi bayan Alhaji a kan kewaye rami ɗaya, kuma zan bayyana dalilin ta fuskar aikin kansa, domin a nan ne masu shigowa daga wanki suke yawan ƙonewa.

Fentin da mota ta fito da shi daga masana'anta, duka-dukansa, galibi yana tsakanin maikiron 100 zuwa 150 ne, kuma ɓawon sama mai sheƙi, wanda shi kaɗai muke taɓawa, bai cika wuce 50 ba, wato bai kai kaurin silin gashin kai ba. Guga ba ta ƙara komai a jikin mota. Kankare wannan ɓawon take yi kaɗan-kaɗan har ƙarzunan su baje. Saboda haka abin da za ka fara saya shi ne ma'aunin kaurin fenti, tun kafin injin. Da shi za ka gane ƙofar da aka taɓa yi wa fenti a warsha, domin takan nuna 250 ko 300 ko sama da haka, da kuma bonet ɗin da wasu suka riga suka goge har ya yi siriri. Ka sani ma'aunin da aka saba sayarwa ƙarfe da alminiyam yake karantawa, ba ya karanta robar bamba, don haka a can sai taka-tsantsan. Injin da ke juyawa kai-tsaye yana da sauri, amma yana ƙona gefen ƙofa da kan layukan jiki a cikin daƙiƙa kaɗan. A bar shi a hannun ɗan kawunka, sauran yara su koya da wanda ke juyawa yana karkarwa, a kan tsohon bonet da za ka samo daga tashlih, inda ake farfasa matattun motoci, ba a kan motar mutane ba.

Siramik kuwa, ina roƙonka, Malam, kada ka sayar da shi sai ɗakin ya kammala: ƙofa mai rufuwa ruf, kwandishan, farin haske daga sama da gefe. Ruwan siramik yana kamawa ne cikin ɗan lokaci bayan an shafa, kuma zafi da laimar Jidda suna gaggauta shi, ta yadda idan ba a share da wuri ba sai ya bar tabo mai duhu wanda ba ya fita sai an sake guga. Duk ƙurar da ta sauka a lokacin ta zauna kenan. Bayan an gama, mota na buƙatar aƙalla awa 24 ba tare da ruwa ya taɓa ta ba, da kusan mako guda kafin wankin farko. Wannan ba aikin bakin titi ba ne, ba kuma aikin da za a yi a ƙofar gidan mutum ba. Sannan ka gaya wa mai mota gaskiya tun farko: siramik yana sauƙaƙa wanki, yana sa ruwa ya zame, yana rage ɓarnar rana da kashin tsuntsu, amma ba ya hana tsakuwar Titin Haramain fasa fenti, ba ya hana makulli ƙarzarsa. Mai son wannan kariya ledar kariya ake manna masa, ita kuma sana'a ce daban mai tsada, kada ka shige ta a bana. Rabin rigimar da ake yi a shagunan talmi'i daga alkawarin da ya wuce ƙarfin kwalba take tasowa.

Ka kuma kula da ruwa. Ruwan famfon Jidda tataccen ruwan teku ne, mafi yawansa daga Shu'aiba, amma na wayit, wato tankar ruwa, da magsaloli ke saya ba kullum ake sanin daga inda aka ɗebo shi ba, wani na rijiya ne mai gishiri. Idan ya bushe a kan baƙar mota cikin rana sai ya bar ɗigo-ɗigo da ke cin ɓawon. Ka sa matacin ruwa don ɗaurayar ƙarshe kawai. Tsumman da aka goge taya da shi kada ya sake hawa fenti, ko da an wanke shi. Ka bambanta su da launi domin yaran kada su riƙa tambaya. Kuma kafin a taɓa kowace mota a zagaye ta da waya a ɗauki bidiyo a gaban mai ita, domin ƙarzanen da datti ya rufe yakan bayyana ne bayan wanki, a lokacin kuma kai za a tuhuma.

Hajiya Ummu Rayyan ta amsa:

Sallama ga iyaye da 'yan'uwa. Ni lissafin wata 'yar mu'assasa ta danginmu nake riƙewa, mai motocin wanki na zagaye, kuma ina ganin an yi wa motar zagaye rashin adalci kaɗan. Gaskiya ne ba a shafa siramik a ƙofar gida, amma tsaftar cikin mota fa? Tun da aka ba matan ƙasar nan damar tuƙi a Yunin 2018, an samu masu motoci da yawa da ba sa son zaman jira a magsala a tsakanin maza, ga kuma ma'aikatan ofis da suka fi son a yi aikin a wurin ajiye motoci suna bakin aiki. Motar iyali a garin nan ta sha gahawa da shayi, ta sha shinkafar kabsa, ga jarkar Zamzam da ta zube a but a hanyar dawowa daga Umra. Wannan aikin ba ya ƙarewa, ribarsa ma ta fi ta wankin waje nesa, matuƙar kana da injin da ke zuƙe ruwan daga kujera. Wanda ya jiƙa soso ya bar shi a laimar Jidda, bayan kwana biyu mota za ta yi warin da turaren wuta ba zai rufe ba, kuma ba za a sake kiransa ba.

Inda motar zagaye ke cin kuɗi shi ne hanya. Idan ka karɓi kira ɗaya a Safa, na biyu a Abhur, na uku a kudu, yaranka za su wuni a cikin cunkoso suna ƙona fetur. Mu unguwa muke ba rana, muna kuma sayar da rajistar wata-wata, a biya a gaba, a zo sau ɗaya a mako. Kuɗin da ke shigowa farkon wata shi ne ke biyan albashi. Ka zaɓi tururi maimakon tiyo, domin ruwan da ke malala a titi yana jawo tarar baladiyya, maƙwabta ma ba sa so.

Ta fuskar takardu, ƙanena, da zarar cinikinka na wata 12 ya haura riyal 375,000 wajibi ne ka yi rajistar harajin VAT, wanda yake kashi 15 cikin 100 tun Yulin 2020, kuma mai rajista dole ya fitar da rasit na lantarki, tsarin da hukumar zakka da haraji ta fara tilastawa a Disambar 2021. Magsala da talmi'i idan suka haɗu a sijil ɗaya za su iya kai wannan adadi da wuri fiye da yadda kake zato, saboda haka ka sa harajin a cikin lissafin farashinka tun yau, kada ka zo ka ƙara wa mutane kuɗi rana tsaka. Ka kuma ajiye na damina don rani: goman ƙarshe na Ramadan bayan tarawihi da kwanakin gab da Idi aiki ya fi ƙarfin hannu, haka ma bayan ruwan sama irin na Nuwambar 2022 da ya shiga motoci har kujera, amma a hutun bazara gari yakan yi shiru.

Ɗan Hindawiyya ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, Baba Alhaji, na ji gargaɗin kuma zan zauna da ɗan kawuna a gaban manya. Na karkata ga kewaye rami ɗaya yanzu, motar Hajiya kuma ta biyo baya idan ɗakin ya fara mayar da kuɗinsa. Saura tambaya ɗaya: wani mai ma'arad, wato wurin sayar da tsofaffin motoci, ya ce zai riƙa turo mini motoci da yawa duk wata idan na yi masa rabin farashi. In karɓa?

Abu Bilal Mai Guga ya amsa:

Ka karɓa, amma da iyaka. Mai ma'arad ƙyallin kwana uku yake so, wanda zai kai mota hannun mai saye, saboda haka ka ware masa aiki mai hawa ɗaya, guga sau ɗaya da kakin shafawa da tsaftar ciki, ka sa masa farashinsa daban, kada ka ba shi cikakken talmi'i a rabin kuɗi. Kada motocinsa su wuce kwana biyu a mako a cikin ɗakin, kuma a ranakun da ba kowa, domin Alhamis da Asabar na masu biyan cikakken farashi ne. Biya kuwa ya zama duk mako, a rubuce. Irinsu sun saba cewa sai mota ta fita, mota kuma tana iya wata uku a fili. Waɗanda suka fi shi amfani a gare ka su ne masu sayar da motarsu da kansu a shafin talla na Haraj, domin suna biya nan take, kuma idan ka ɗaukar musu hotuna masu kyau a ƙarƙashin fitilun ɗakin bayan an gama, sunan wurinka na bayyane a bango, duk mai duba tallar zai gan shi.