Kuɗi za a bi ko daji za a shiga?

Baban Khalifa: Jama'a, ina nan kan bakana. Bin sawun kuɗi ke karya gungun miyagu irin 'yan bindigar da suka addabi jiharmu ta Katsina. Ku dubi Al Capone, shugaban gungun miyagu na Shikago, zamanin da Amurka ta haramta giya, 1920 zuwa 1933. Kowa ya san jinin da ke hannun yaransa, amma ba a ɗaure shi kan kisa ba. Ƙin biyan haraji ne ya kai shi gidan yari a 1931, shekara 11.

Malam na Batsari: Haba Alhaji! Capone yana da akawu da littafin shiga da fita. Wanda ke dajin Rugu wane haraji za ka nema a wurinsa? A buhu ake kai masa kuɗin fansa, a haɗa da sabon babur da katin waya.

Maman Zainab: To Malam, ai ka ba Alhaji gaskiya ba ka sani ba. Babur ɗin a daji ake ƙera shi? Shanun sata wa ke saye? Mai da burodi wa ke kai musu?

Malam na Batsari: Hajiya, an gwada. A 2021 gwamnatin Masari ta hana sayar da mai a jarka, ta rufe wasu kasuwannin dabbobi, aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13. Ƙanena sai ya biya kuɗin mota zuwa Katsina kafin ya ji muryar ɗansa da ke Kano. Mu muka ji a jikinmu.

Auta daga Daura: Iyayena, a gafarce ni in sa baki. Alƙali Falcone na Italiya shi ma kuɗin gungun miyagun Mafiya ya bi, amma sai da Buscetta, ɗan cikinsu, ya fasa ƙwai. A shari'ar Palermo ta 1986 zuwa 1987 an ɗaure sama da 300, kuma an ɓoye Buscetta a Amurka. A nan wa zai tona infoma ya koma gida ya yi barci?

Baban Khalifa: Falconen ma bam suka sa masa a 1992, Auta. Amma dai bin kuɗin ya fi sulhu. An yi sulhu da 'yan bindiga a 2016, an sake a 2019, sai ga sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020.

Malam na Batsari: Alhaji, kana Ƙofar Kaura kana sukar sulhu. Zo ka yi damina ɗaya a wajenmu tukuna.

Maman Zainab: Har yanzu dai ba wanda ya ce min wa ke sayen shanun.