Bauchi zuwa Abuja da ƙananan yara: waɗanda suka saba, ku ba ni dabara

Maman Uku, Yelwa:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Ranar Alhamis in Allah ya kai mu za mu Abuja bikin ƙanin maigida, a motar gida. Yarana uku, babbar shekararta 6, mai bi mata 3, sai na goye ɗan wata 7. Ban taɓa wuce Jos da su ba. Don Allah waɗanda suka saba bin hanyar nan da yara, yaya kuke yi?

Hajiya Kaka, Wunti:
Wa alaikis salam 'yata. Ku yi sammako, ana sallame Asuba ku kama hanya. Jikokina haka nake yi da su, kafin su farka mun wuce Nabordo da Toro. Ki ajiye musu rigunan sanyi da hula a kusa, don iskar Jos da safe ba irin tamu ta Bauchi ba ce. Kuna gangarawa Akwanga kuma zafi ya dawo, sai ki tuɓe musu.

Maman 'Yan Biyu, Tudun Wada Gombe:
Ni dai Hawan Kibo ba zan manta da shi ba. Mun tsaya a Jos na cika wa yaran ciki da soyayyen dankali da ƙwai, na ɗora musu madara, sannan na miƙa musu waya don su bar ni na huta. Muna shiga kwanonin gangaren nan Hassan ya fara amai, Usaini yana ganinsa shi ma ya saki. Kayan canjinsu kuwa suna can ƙasan but, an danne su da buhun shinkafa. Babu wurin tsayawa, ga manyan motoci a bayanmu. Yanzu jaka ɗaya nake riƙewa a ƙafata: leda, tsumma, famfas, kaya kala biyu-biyu, ruwa. Abinci kaɗan-kaɗan, biskit da ayaba. Waya kuwa na hana, don kallon ƙasa mota tana juyi shi ke kawo jiri. Wanda zuciyarsa ta fara tashi sai in ce ya dubi hanya can gaba, in ɗan sauke gilashi.

Tsohon Direba, Azare:
Ƙanwata, amai wanki ne kawai. Abin da nake so ki ji shi ne maganar kujerar gaba. Wata rana na ɗauko iyalina daga Gombe, uwargida tana gaba da ɗanmu a cinya, lokacin bai cika shekara 2 ba. Mun kusa Alkaleri sai ga saniya ta faɗo titi. Ba wani gudu nake yi ba, amma da na taka birki yaron ya fice daga hannunta kamar an fizge shi, goshinsa ya bugi gaban motar. Ɗinki huɗu aka yi masa. Har yau tana rantsuwa ta riƙe shi gam, kuma na yarda da ita. Idan mota ta tsaya farat ɗaya jikin yaro ci gaba yake yi da tafiya, hannun uwa ba ya iya tare shi. 'Yan rod sefti ba don neman fitina suke cewa yaron da bai kai shekara 12 ba ya zauna a baya ba. Motocin yanzu kuma suna da jakar iskar nan da ke fashewa a gaba, wadda aka yi don ƙirjin babba. Kada kuma ki ja bel ɗaya ya haɗa ke da jaririn, nauyinki ne zai matse shi.

Hajiya Kaka, Wunti:
To Malam, mu da muka raine ku a cinya har Kano a motar haya, ga ku nan kun girma.

Tsohon Direba, Azare:
Allah ya ƙara girma Hajiya, Allah ne ya tsare. Amma ni na ga jinin ɗana a rigata, shi ya sa.

Anti Nas, Fadaman Mada:
Ina bayan Malam Direba. Jaririn a samo masa kujerar yara ta mota, a ɗaure ta a baya, fuskarsa tana kallon bayan motar. Duk bayan kamar awa 2 ku tsaya, ki ciro shi ya miƙe, ki ba shi nono a tsaye ba mota tana gudu ba. Abu biyu ke ba ni haushi a wajen aiki. Na farko, ba yaro maganin mura don ya yi barci a hanya; wannan ganganci ne. Na biyu, hana yara ruwa don kada su ce fitsari. A zafin Maris da Afrilu, da ma'auni ke kai 40, yaro ya fi babba saurin bushewa. Ki saka ƙullin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, a jaka. Ɗan shekara 3 ɗin nan kada a ba shi gyaɗa ko aya ko dabino mai ƙwallo ana tafiya, rami ɗaya ya isa ya shaƙe. Idan kun sauka sallah ku fito da kowa, ko da yana barci.

Baban Yara, GRA:
Ƙaramin ƙari. A gefen ƙofar baya, wajen da take kamawa, akwai ɗan makulli da ake turawa, sai ta daina buɗuwa daga ciki. Ɗiyata ta taɓa jan hannun ƙofa muna tsakiyar Tilden Fulani, ranar na san amfaninsa.

Maman Uku, Yelwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na nuna wa maigida saƙon Malam Direba, ya yi shiru, ya ce ni da yaran duk baya, ƙanwarsa ta zauna gaba. Yanzu saura kujerar jaririn. Akwai wadda za ta ara mini tata zuwa Litinin?

Maman 'Yan Biyu, Tudun Wada Gombe:
Nawa biyu suna nan sun yi musu kaɗan. Gobe zan ba direban Gombe Line ɗaya, ki aika a karɓa a tasha. Ladana dankalin Jos in kun dawo.