Abin da aka tattauna kan liƙa bawon itacen kok a bango

1. Kusan kowa ya yarda kok, wato bawon itace mai laushi da ake yankawa falle-falle, yana rage amsa-kuwwa a ɗaki, yana kuma tare zafi da sanyi. Amma siririnsa ba ya hana jin hayaniyar maƙwabta.

2. Dole bango ya bushe sarai, ya yi sumul. Da yawa sun nanata wannan, kuma da gaskiyarsu, domin danshi na kashe gam har gefuna su ɗago. A ajiye fallayen a ɗakin kwana 2 kafin a liƙa.

3. An rabu kan shafa wa kok banish, wato man da ake shafa wa katako ya yi sheƙi. Wasu sun ce dole ne a kicin saboda maiƙo, wasu sun ce yana ɓata laushinsa.

4. Rana na koɗar da shi.

5. Yawancinsa daga Fotugal ake kawowa, da tsada, shi ya sa wasu suka tsaya a bango ɗaya.